Ra'ayinmu: Cin Rani, Dam ɗin Zobe Da Haƙƙin Matafiyi

Da zarar an gama sussukar gero, an kai dawa rumbu, iskar hunturu ta taso da ƙura, sai ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma su fara raguwa. A Tamawa, kamar yadda yake a Birchi da Wurma da Karofi da Makera, tsakanin Nuwamba da Disamba ne samari da magidanta kan ɗaure 'yan kayansu, su nemi albarkar iyaye, su nufi tasha. Wasu a Kano za su yada zango, wasu Kaduna ko Abuja, da yawa kuwa sai Kurmi: Legas, Ibadan, Fatakwal, Anacha. Yawancinsu ba za a sake ganinsu ba sai hadari ya fara haɗuwa, lokacin sharar gona ya yi.

Kowace shekara ana muhawara a kan wannan tafiya, a majalisun ƙofar gida, a gidajen rediyo, har a kan mumbari. Wasu na ganin cin rani shi ne ya rufa wa ƙauye asiri tun kaka da kakanni. Wasu kuma na ganin shi ne ke ɗebe wa ƙauye ƙarfinsa, yana kuma jefa 'ya'yansa cikin wulaƙanci a ƙasar da ba a san darajarsu ba. Duka ɓangarorin biyu suna da hujja, kuma masu riƙe da su mutane ne da suka san abin da suke faɗa. Shi ya sa muka ga ya dace a zauna a auna maganar da natsuwa.

Bin yanayi da ƙafa ba abin Bahaushe kaɗai ba ne. A daidai watannin da matasanmu ke hawa mota zuwa Kudu, dubban tsofaffin ma'aikata daga Faransa da Jamus da Holan suna ɗaukar hanya su ma, a cikin motoci masu gado da murhu da banɗaki, su tsallaka teku da jirgin ruwa daga Sifen zuwa Maroko, su share hunturu a gaɓar teku wajen Agadir, inda rana ke fitowa alhali ƙanƙara ta rufe garuruwansu. Maroko tana ba su kwana 90 ba tare da biza ba. A Amurka da Kanada ma haka ake yi, ana gangarawa Arizona da Florida. Har zuwa shekarun 1980 irin waɗannan matafiya kan ratsa Sahara ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram su ɓullo Kano, kafin rashin tsaro ya toshe hanyar a shekarun 1990. Garuruwan da suke sauka sun tanadar musu filayen ajiye mota masu ruwa da wuta, domin kuɗi suke zuwa da shi. Mutumin Tamawa shi ma kakar shekara ce ta tashe shi, shi ma kudu ya nufa, shi ma zai koma gida in lokaci ya yi. Abin da ya raba su biyu ne. Bature ya tafi ne da son ransa, in ya ga dama ya zauna a gida ya kunna wuta. Sannan a inda ya je ana maraba da shi. Namu kuwa ƙarfin jikinsa ya ɗauka ya kai, kuma sau da yawa abin da yake fara cin karo da shi shingen bincike ne da kallon tuhuma. A kan waɗannan abubuwa biyu, zaɓi da karɓa, ra'ayinmu ya tsaya.

Masu kare cin rani sukan fara da asali. Alƙur'ani mai girma ya ambaci tafiye-tafiyen fataucin Ƙuraishawa guda biyu, ta hunturu da ta bazara, a cikin ni'imomin da Allah Ya yi musu, kuma malaman tafsiri sun bayyana cewa ta hunturu Yaman ake nufa saboda ɗuminta, ta bazara kuma Sham. A ƙasar Hausa ma da rani fatake ke tashi da ayarin jakuna zuwa Gwanja su sayo goro, da rani maƙera da majema da masaƙa da wanzamai ke zagaya garuruwa, da rani malami ke fita da almajiransa. Da Turawa suka zo suka wajabta biyan haraji da tsabar kuɗi, sai tafiyar ta ƙara faɗi: haƙar kuza a Jos, gonakin koko a ƙasar Yarbawa da Gwalkwas, aikin layin dogo. Unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 take. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Birtaniya, Mansell Prothero, ya yi nazarin ƙidayar masu fita daga lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, aka ƙirga kimanin mutum dubu 250 a rani ɗaya. Saboda haka duk wanda ya ɗauki cin rani a matsayin lalacewar 'yan zamani bai duba tarihi ba.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce lissafin rumbu. A tsakiyar Jihar Katsina damina wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, in an yi sa'a ta ɗan taɓa Oktoba. Sauran watannin gonar tudu ba ta da aiki. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai yanzu an raba wa jikoki, ƙasa ta gaji, ba ta bayarwa sai da taki, taki kuma sai da kuɗi. Magidancin da ya tara dami talatin ya san ba za su kai shi wata kakar ba in kowa ya zauna yana ci. In shi da ƙannensa biyu suka fita, an rage baki uku na wata biyar, hatsin ya ƙara nisa, kuma abin da suka aiko ya sayi gishiri da mai da magani. Da kuɗin dako a kasuwar Mile 12, ko na ga-ruwa, ko na gadi, ko na sayar da rake da shayi, aka sayi takin da aka zuba a gonaki da dama na wannan yanki, aka rufa kwano a ɗakunan da a da azara da ƙasa ne, aka biya sadaki, aka sayi shanun huɗa. Ba bankin da ya ba da rancen nan, ba hukumar da ta rubuta shi a kasafinta. Talaka ne ya tsara wa kansa, kuma ya yi aiki shekara da shekaru. Sukan ƙara da cewa zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Akwai magina da masu walda da direbobi da masu gyaran waya a Dutsin-Ma waɗanda a wajen cin rani suka koyo sana'ar. Kuma saurayin da ya zauna a ƙauye wata bakwai ba aiki ba sisi, a irin wannan zamani da daji ke neman 'yan aike da masu kai rahoto, zamansa ya fi tafiyarsa haɗari.

Wannan magana ce mai nauyi, ba kuma za mu rage mata komai ba.

Masu suka su ma ba daga sama suke magana ba. Sukan ce a dubi hanyar tukuna. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, sai mutane suka ƙara komawa hawa saman tirela, a kan buhunan albasa ko a tsakanin shanu, tafiyar kwana biyu cikin sanyi, ba wurin riƙewa. In motar ta kife, mutane da yawa ke mutuwa a lokaci ɗaya, wasu a binne su a garin da ba wanda ya san sunansu, domin ba takardar da aka rubuta fasinja. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta sha hana wannan lodi, amma gargaɗi ba ya biya wa mutum kuɗin bas.

Sannan a dubi masauki. Ɗan cin rani kan kwana a barandar shago, ko a kango, ko a harabar masallaci, ko mutum goma a ɗaki ɗaya. Zazzaɓi ya kama shi ba mai jinya. Wasu a nan suke haɗuwa da ƙwaya, da farko don a jure wa aiki, daga baya ta zama jiki, su koma gida da ita. Sana'ar da ta fi kawo kuɗi, wato acaɓa, an hana ta a manyan sassan Legas tun Yunin 2022, an kama babura an murƙushe, da yawansu da kuɗin amfanin gona ko da bashi aka saye su. A Agustan 2019 jami'an Jihar Legas sun tsare mutum 123 'yan Jigawa da suka shigo a babbar mota da baburansu, aka sake su bayan bincike bai nuna wani laifi ba. A Fabrairun 2021 rikici ya tashi a kasuwar Shasha ta Ibadan, aka rasa rayuka, aka ƙona dukiya. A Maris ɗin 2025 kuma aka tare wata mota a Uromi ta Jihar Edo, aka kashe mutum 16, mafarauta 'yan Jihar Kano da ke komawa gida Sallah daga Fatakwal. Uwar da ta ji wannan labari a rediyo, ɗanta yana can, ba wanda zai ce mata damuwarta ba ta da tushe.

Akwai kuma abin da aka bari a baya, wanda ba a cika faɗa ba saboda kunya. Matar da aka bar wa tiya goma da alkawarin aike, aiken ya yi jinkiri, ta koma surfe da dakau ko ta tura yarinya talla. Yaron da aka cire daga aji biyar ya bi yayyensa, ya dawo ya ga ajin ya wuce shi, bai sake komawa ba. Tsohon da ya kwanta ciwo ba mai ɗaukarsa zuwa asibitin Kurfi. Da kuma wanda ya ce wata huɗu zai yi, ya shekara huɗu, matarsa ba ta san ko tana da aure ko ba ta da shi ba, har maganar ta kai gaban alƙali. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji su. Kuma a yankin da ke maƙwabtaka da dajin Rugu, ƙauyen da mazajensa suka watse da rani ƙauye ne da ɓarayin daji suka san ba mai tare su.

Adalci ya sa mu ambaci ɓangare na uku, wato mutanen garuruwan da ake sauka. Mutumin Ondo ko Edo da ya ga babbar mota ta sauke samari hamsin da tsakar dare, ba mai katin shaida, ba wanda zai faɗi inda za shi, a lokacin da ake satar mutane a dajin garinsu, in ya tsorata ba za a ce ƙiyayya ce kawai ba. Tsoronsa abin fahimta ne. Abin da ba za a karɓa ba shi ne tsoron ya zama izinin duka da kisa, ko ya zama dalilin mayar da ɗan ƙasa baƙo a ƙasarsa. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya so a cikin ƙasar, kuma ba ƙungiyar sintiri ko gwamnan da ke da ikon soke shi.

Da muka auna, abu na farko da ya bayyana mana shi ne ɓangarorin biyu ba kan abu ɗaya suke magana ba. Masu yabo suna siffanta cin rani irin na da: mutum ya noma gonarsa, ya cika rumbu, ya bar iyali da abinci, ya fita neman ƙari, yana da masauki wurin ɗan garinsu, ya dawo kafin shuka. Masu suka kuma suna siffanta abin da aka koma a shekarun nan, inda wani bai ma samu ya noma ba. Mutanen Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari da Ɗanmusa sun san gonakin da aka bari saboda ba a isa a je ba, da shanun huɗa da aka kora, da hatsin da aka sayar aka biya kuɗin fansa. Ba a manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. Mutumin da ya fita a irin wannan hali gudun hijira yake yi, ko da ya kira ta cin rani don ya tsare mutuncinsa. Ba shi da ranar dawowa, domin ba shi da abin da zai dawo wa. In aka haɗa su a ma'auni ɗaya, za a zalunci na farko da zargi, a kuma zalunci na biyu da cewa ai al'ada ce.

Abu na biyu shi ne, a wannan yanki musamman, rashin aikin rani ba ƙaddarar ƙasa ba ce kaɗai. A kudancin Dutsin-Ma akwai Dam ɗin Zobe a kan kogin Karaɗuwa, wanda aka kammala a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, mai iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 170. An gina shi ne don a samar da ruwan sha a kuma shayar da kimanin hekta 8,000 na noman rani. Dam ɗin ya tsaya, ruwa ya taru, amma magudanan da za su kai shi gona suka zama aikin da kowace gwamnati ke gada ta bar wa ta gaba. Sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin ruwan sha na Zobe, shekara 38 bayan gama dam ɗin. Wannan ci gaba ne, mun kuma yaba. Amma ɓangaren noma har yau bai kai abin da aka zana ba. Mafi yawan abin da ake nomawa a bakin ruwan ƙoƙarin manoma ne da injinansu na ban ruwa da man da suka saya da kuɗinsu. Yaron da aka haifa shekarar da aka gama Zobe yanzu ya haura arba'in, kuma mai yiwuwa ya yi rani ashirin yana tura baro a Legas, ruwan da aka tara da sunansa yana ƙafewa a rana.

Mun san abin da ruwa kan yi domin misalin yana kusa. Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 shi ke shayar da filayen Kadawa, kuma Kura da Bunkure da Garun Malam sun zama wuraren da ake zuwa neman aiki da rani: dashen shinkafa, tsinkar tumatir, yankan alkama, lodi, sussuka, gyaran inji. Hekta ɗaya ta noman rani ba mai gona kaɗai take ciyarwa ba. Da an yi wa Zobe rabin abin da aka yi wa Tiga, da wani ɓangare na masu hawa tirela zuwa Kurmi a kan keke za su je aiki su dawo su kwana a gida.

Sai dai ba za mu sayar wa jama'a mafarki ba. Ko an shayar da hekta 8,000 ɗin gaba ɗaya, ba za su ɗauke dukkan matasan ƙananan hukumomin nan ba, ga yawan jama'a yana ƙaruwa kowace shekara. Noman rani yana da nasa ciwon kai: tsadar fetur, tsutsar tumatir, da faɗuwar farashi lokacin da kowa ya kawo kaya kasuwa a mako ɗaya har kwando ya kasa biyan kuɗin motarsa. Akwai kuma darasin Bakolori, inda a 1980 rikicin diyya da rabon fili ya kai ga jami'an tsaro suka buɗe wa manoma wuta. Aikin ban ruwa da zai ƙwace gonar talaka ya miƙa wa mai kuɗi daga birni zai ƙara yawan 'yan cin rani ne. Kuma ba mai dasa albasa a wurin da ba zai iya kwana ya tsare ta ba. Tsaro shi ne sharaɗin farko.

Hukuncinmu shi ne cin rani halal ne, hanya ce ta neman abinci mai asali da mutunci, kuma ba ma goyon bayan duk wani yunƙuri na hana shi, ko daga gwamnatocin Kudu ko daga masu kunyar ganin ɗan Arewa yana wankin takalmi a titin Legas. Wanda ya fita ya yi dako ya fi wanda ya zauna yana jiran ɗan siyasa. Amma mun ƙi yarda da yadda hukumomi suka jingina da wannan al'ada suka huta, suna barin talaka ya warware wa kansa matsalar wata bakwai da ransa a hannu. Abin da muke nema shi ne mutumin Tamawa ya kai matsayin da in ya tafi, ya tafi ne don ya ga riba a tafiyar, in ya zauna kuma akwai abin yi. In ya tafin, a karɓe shi a matsayin ɗan ƙasa mai aiki.

Wannan yana da masu alhaki, kuma ya kamata a ambace su. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda Zobe ke hannunta, tare da Gwamnatin Jihar Katsina, su fito su gaya wa jama'a a fili hekta nawa ake shayarwa yau, nawa za a ƙara a kowace shekara, da kuma wanda za a ba filin. A fara da mutanen da ruwan ya ci gonakin iyayensu da ƙauyukan da ke kewaye. Inda magudana ba za ta kai ba, a taimaka da rijiyoyin fadama da injin mai aiki da hasken rana, a bashi mai sauƙi da za a biya bayan girbi, ta hannun ƙungiyoyin manoma na gaskiya, ba ta jerin sunayen da aka rubuta a ofishin jam'iyya ba. Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da tsangayar aikin gona a 'yan kilomitoci daga dam ɗin. Ya dace manomin Makera ya san amfaninta a gonarsa, ta wajen iri mai jure zafi, da maganin tsutsa, da hanyar busar da tumatir da adana albasa.

A kan hanya kuma, hana hawa tirela ba zai yi tasiri ba sai an samar da abin da ya fi shi araha ko ya yi kusa. Lokacin tafiyar sananne ne, lokacin dawowa ma sananne ne. Hukumar sufuri ta jiha, KTSTA, za ta iya ware motoci a waɗannan makonni daga Dutsin-Ma zuwa manyan garuruwan da aka fi nufa, a farashi mai rangwame, da takardar sunayen fasinja. Ƙananan hukumomi su kai rajistar katin ɗan ƙasa har mazaɓu a watan Oktoba, kafin a watse, domin katin nan shi ne abu na farko da ake tambaya a shinge. Dagatai da masu unguwanni su san wanda ya fita da inda ya nufa, sarakunan Hausawa na Agege da Sabo da sauran zango su san wanda ya iso. Wannan tsari ne da kakanni suka yi aiki da shi, lokacin da baƙo ba ya kwana a gari sai yana da mai masauki da zai tsaya masa. Shi ne kuma amsar da ta fi dacewa ga tsoron mutanen gari. Gwamnonin Arewa su daina tsayawa a ta'aziyya. Su bi shari'ar waɗanda aka kashe a Uromi har a ga ƙarshenta, domin hukuncin da aka zartar a kan mai laifi ɗaya ya fi jawabi ɗari kare matafiyi na gaba.

Akwai kason da ya rage a wuyan al'umma, wanda ba gwamnatin da za ta ɗauke mata. Ciyar da iyali wajibi ne da tafiya ba ta saukewa. Wanda zai fita ya bar abin da zai isa, ya wakilta wanda zai duba gidan, ya faɗi lokacin dawowarsa ya kuma cika. Yanzu da waya da masu POS suka kai ƙauyuka, uzurin rashin hanyar aike ya ragu ƙwarai. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya iyakance wa mayaƙa tsawon lokacin da za su yi nesa da matansu, alhali jihadi suka fita. In haka ne, neman kuɗi bai isa ya sa a bar mace shekaru ba labari ba. Muna roƙon limamai su riƙa ɗaukar wannan batu a huɗubobin kaka, lokacin da masu tafiyar ke cikin sahu suna ji. Yaron da bai gama makaranta ba kuma a bar shi ya gama. Kuɗin da zai samo a wata biyar na tallan ruwa ba zai biya shekarun da zai yi ba ya iya karanta takardar asibiti ba.

Kada kuma mu manta mu ma masu masauki ne. Da rani mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa suna shigowa Katsina da Kano da Dutsin-Ma, suna ga-ruwa, suna yankan farce, suna haƙar rijiya, suna gadi. Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ta sa matsayinsu a kan iyaka ya ƙara rauni, ga masu karɓar na goro a kowane shinge. Duk abin da muke nema wa ɗanmu a Ibadan, na biyan haƙƙi a kan lokaci da wurin kwana da kariya daga zargi ba hujja, su ma suna binmu shi a nan.

Aikin magudanar ruwa da rani ake yinsa, kuma a ƙarshen shekara ake tsara kasafin kuɗi a Abuja da Katsina. 'Yan majalisar da ke wakiltar Dutsin-Ma da Kurfi, na tarayya da na jiha, su nuna wa jama'arsu layin da aka rubuta Zobe a kasafin bana, da adadin da aka ware, da adadin da aka saki daga na bara.